P-Square: a ina kuka fara jinsu, kuma yaya kuka ji da suka rabu?

Ɗan Terminus: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina kira ga duk wanda ya yi tashen samartaka ko 'yanmatanci tsakanin 2003 da 2015, ku zo mu tuna tagwayen nan Peter da Paul Okoye. Kowa ya faɗi inda ya fara jinsu da yadda rabuwarsu ta same shi. Ni ɗan Jos ne, kuma har gobe namu muke ɗaukarsu. Iyayensu 'yan Anambra ne, amma a Jos aka haife su a 1981, a St. Murumba suka yi sakandare, a nan suka fara kwaikwayon rawar Michael Jackson tun kafin a san suna waƙa. Bidiyon "Senorita", na albam ɗinsu na farko Last Nite, a shagon aski na fara ganinsa. Mai askin ya tsaya da kilifa a hannu, rabin kaina an aske rabi ba a taɓa ba, yana nuna talabijin yana cewa wallahi yaran garin nan ne.

Tsohon mai faifai, Kano: Wa alaikumus salam. Ni da hannuna na sayar da su a Sabon Gari. Daga kasuwar Alaba ta Legas kaya ke zuwa mana. Get Squared na 2005 direbobi ne suka fi ɗiba, saboda "Oga Police" ta taɓo abin da ke damunsu a hanya. Amma Game Over na 2007, wannan kam ban taɓa ganin faifan da ya yi kasuwa irinsa ba. Katan zai iso da safe, kafin la'asar sai kwali. Har mutanen da ba sa jin Turanci ko kalma ɗaya suna zuwa su rera mini sautin "Do Me" da baki, in gane abin da suke nema. Da aka kai The Invasion a 2011 kasuwar ta juya, yara sun koma wajen masu turi da memori a hannu. Ba a daɗe ba na koma sayar da caja.

Diji na Barnawa: Baba mai faifai, ka tuna mini da nisa. Ni a gidan biki na san darajarsu. In amarya da ango za su shigo wajen dina, "No One Like You" nake sawa, ba ta taɓa ba ni kunya ba. In kuma na ga abokan ango sun fara laluben aljihu, sai in saki "Chop My Money", wadda suka sake yi da Akon, nan take liƙi ya ɓarke. Abin da na lura da shi a aikin nan: Paul ne mai muryar da ke riƙe waƙa, Peter ne mai ƙafa, kuma waƙoƙinsu an gina su ne don kunne da ido a lokaci guda. Ku duba bidiyon "Personally" na 2013, wanda suka yi don karrama Michael Jackson. Babu bikin da zan je a shekarar ban ga ƙananan yara sun ja layi suna gwada takun ba.

A ganina Game Over ne ƙololuwarsu. Double Trouble na 2014 yana da "Shekini" da "Collabo", ban raina shi ba, amma ana jin hankalinsu ya fara karkata ga kasuwar waje. Bayan rabuwarsu a 2017 na ci gaba da sa Rudeboy (wato Paul) da Mr P (wato Peter) kowa daban. "Reason With Me" ta Rudeboy ta karɓu sosai, gaskiya ce. Sai dai har yau in dare ya yi, wani zai matso kusa da sifika ya ce in sa na da.

Bamarade: Mu a Maraɗi ba ma jin Ibo, ba ma jin burokin, amma "E No Easy" ta cika tasha. Da mawaƙin Faransa Matt Houston ya sake yinta da su da Faransanci a 2012, aka sa mata "Positif", sai ta zama kamar don mu aka yi. Kyautar KORA ta mawaƙan Afirka ma da suka ci a 2010, a Wagadugu aka ba su, nan maƙwabta.

Maman Hassan da Hussaini: Ni a gidanmu ba a yarda da kallon bidiyonsu ba, a wayar yayata nake saurare da abin kunne, mu raba ɗaya ɗaya. Lokacin da labarin rabuwarsu ya fito a watan Satumba na 2017 ina goyon nawa tagwayen. Na ga bidiyon cacar bakin da ya yaɗu, ban iya kai shi ƙarshe ba. Abin da ya fara zuwa raina mahaifiyarsu ce da ta rasu a 2012. Na ce da tana raye da abin bai kai haka ba. Ku da kuke maganar albam, ku yi haƙuri, ni ciki ɗaya nake gani. Da suka shirya a Nuwamban 2021, daidai cikarsu shekara 40, har hawaye na yi.

Ɗan Terminus: Allah Ya raya miki su, Hajiya, Ya haɗa kansu.

Injiniya a Legas: Amin. Ina wajen wasan da suka yi a Legas a Disambar 2021 bayan sulhun. Sun durƙusa a kan dandamali suna neman gafarar masoya, wani ƙato kusa da ni ya rufe fuska da hula yana sheshsheƙa. Da suka taso da "Bizzy Body" ba ka jin muryarsu, jama'a ne ke rerawa. Na ɗauka shi ke nan, musamman da "Jaiye" ta fito a 2022. Sai ga Paul a 2024 ya fito ya ce an sake watsewa. Wannan karon ya fi na farko yi mini ciwo, don na gan su tare da idona. Diji, a wannan daren ban iya bambance wa ke riƙe waƙa wa ke riƙe rawa ba. Peter ya rera rabin "Ifunanya" shi kaɗai, muryarsa kuwa ba ta gaza ba.