Me za mu kira akwatunan Wi-Fi na jikin bangon masana'anta?

Mai haɗa na'urori: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta takardar bayani da Hausa don ma'aikatan wani injin casar shinkafa a nan Katsina. An kawo musu kwamfutocin hannu na aikin masana'anta, masu lambar IP65, wato ƙura ba ta shiga cikinsu, feshin ruwa ma ba ya yi musu illa. Da su ake tura nauyin buhuna daga sikeli zuwa ofis. Inda na tsaya shi ne akwatunan nan da ake kafawa a bango ko a rufi suna watsa Wi-Fi, waɗanda Bature ke ce wa akses foyin. Me zan kira su?

Mai shagon waya, Ƙofar Ƙaura: Rauta mana, yallaɓai. Kowa ya san ta.

Mai haɗa na'urori: A'a ɗan'uwa, nan ne hatsarin. Rauta guda ɗaya ce, tana ofis, ita ke raba wa kowace na'ura adireshi ta kuma haɗa su da intanet. Waɗannan kuwa suna da yawa, kowanne an ja masa kebul, kebul ɗin ma ba a so ya wuce mita 100. In na rubuta "kashe rauta ka kunna", yaro zai nufi ofis ya katse wa kowa aiki.

Malamin Hausa: To a ce mashiga. Ta nan na'ura ke shiga netwok, kuma ginin kalmar daidai yake da su mafita da mahaɗa.

Mai kula da sito: Allah ya gafarta malam, a wurinmu mashiga ita ce ƙofar da tirela ke shigowa. Ka ce wa lebura ya matsa kusa da mashiga, a bakin get za ka same shi.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Daura: Ku ce tasha, 'ya'yana. Wi-Fi ai igiyar rediyo ce, a kan gigahaz 2.4 ko 5. Ta 2.4 ta fi nisan zango da ratsa bango, ta 5 ta fi sauri amma ba ta da nisa. Ƙarfe kuwa yana tare su duka, shi ya sa akwati ɗaya ba ya isar masana'anta mai rumbunan ƙarfe da injuna. Mai kwamfuta yana tafiya, tana sakin wannan tana kama wancan. Bahaushe ya riga ya san "kama tasha" da "sauya tasha", ba sai an koya masa ba.

Malamin Hausa: Baba, tashar mota fa? Tasha ma ai aro ce.

Tsohon ma'aikacin rediyo, Daura: Aron da ya ga jikoki, malam? Wanda aka ce wa rediyonsa bai kama tasha ba, ba ya zuwa neman ɗan kamasho.

Mai haɗa na'urori: Na ɗauka, Baba, na gode. A farkon takarda zan rubuta "tashar Wi-Fi", daga nan sai "tasha" kawai, in liƙa wa kowace lamba: tasha ta 1 wajen sikeli, ta 2 a sito. Ga layin farko: "In kwamfutarka ta daina aika nauyi, duba ko ta kama tasha. In fitilar tashar a mace take, kira ni, kada ka taɓa rauta."

Malamin Hausa: Na yarda, amma a sa "kada ki taɓa" ma, akwai mata a sashen ɗinkin buhu.