Tun rasuwar maigidana na kasa yin addu'a

'Yan'uwa cikin Kristi, ina gaishe ku. Shawara nake nema, musamman daga iyayenmu mata da suka riga ni bin wannan hanya.

Wata 7 ke nan da rasuwar maigidana. A Agege muke, albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12. Zazzaɓin kwana huɗu, shi ke nan. Muka kai shi gida Kudancin Kaduna, na dawo Legas da yara uku da kuɗin haya a wuyana.

Tun ranar bakina ya mutu. Ni da nake ba da waƙa a zumuntar mata, yau in na durƙusa sai in ƙare da kallon takalminsa na roba da ke ƙarƙashin gado. Ko taɓa shi ban yi ba.

Fasto ya nuna mini 1 Tassalunikawa 4:13, cewa kada mu yi baƙin ciki kamar marasa bege. Na gaskata da tashin matattu, kaina ya yarda, zuciyar ce ta ƙi motsi. Abokan Ayuba ma sai da suka yi kwana bakwai shiru tare da shi, ni kuwa kowa ya shigo da wa'azinsa a baki. Zabura 88 kaɗai nake iya karantawa, don ita ma a cikin duhu ta ƙare.

Zunubi nake yi? In ci gaba da zuwa sujada haka a bushe, ko in dakata? Autana kan ce, "Mama, yi mana addu'ar barci." Me zan riƙa ce masa?