Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza: to me ya ɗauko wa yaron nan?

Maman Hanifa (Jidda):
Salamu alaikum jama'a, dan Allah masu sanin Hausa ku warware min wani abu da ya tsaya min a rai. Satin da ya wuce tukunyar gas ta kama da wuta a hawa na biyu na ginin da ke kallon namu a Hindawiyya, matar gidan ta sauko karɓar saƙo ta bar yara biyu a ciki iska ta turo ƙofa ta kulle, wallahi muna tsaye cirko-cirko mata na salati maza na ta buga waya wasu har da ɗaukar bidiyo, sai ga wani yaro ɗan Hausa mai kai wa mutane ruwan jarka, shekarunsa ba za su wuce ashirin ba, ya cire rigarsa ya tsoma a ruwan da yake sayarwa ya naɗe fuska ya haura. Ya fito da ƙaramar a kafaɗa babban yana riƙe da wandonsa. Na ga hannunsa da idona fatar ta saɓule daga wuyan hannu zuwa gwiwa kamar an bare dankali. Kafin motar Difa'ul Madani, wato 'yan kwana-kwana, ta iso ya sulale, ashe iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ta mutu tun bara. Wata tsohuwa a gefena ta ce Allah sarki, alheri danƙo ne ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni tun ranar nake juya maganar, yaro yana kwance a ɗaki ana shafa masa zuma yana tsoron asibiti, amalankensa a jingine, to me danƙon ya ɗauko masa?

Ɗan Masfala:
Wa alaikumussalam Hajiya. Allah ya ba shi lafiya ya saka masa. Ni yadda na taso na ji, danƙo ana nufin irin na roba wanda yara ke dunƙulawa kamar ƙwallo, in ka buga shi a ƙasa sai ya yi tsalle ya dawo hannunka. Wato alherin da ka yi zai dawo maka. Yau sati ɗaya ne fa kacal Hajiya, a yi haƙuri.

Baba na Rusaifa:
A'a ɗana, ba ƙwallo ba ne. Mu da muka yi ƙuruciya a ƙauye kafin a kawo mu nan, danƙo shi ne wanda ake tsaga jikin gamji ya tsatso a tara a dafa, a shafa a kan tsinke a kafa bakin ruwa don kama tsuntsu. Abu ne mai kama jiki. In ya faɗi ƙasa ba ya tashi shi kaɗai sai ya kwaso wani abu, ko ƙasa ko tsinke ko ƙwayar gero. Kun ga ba a ce zai dawo hannun wanda ya yar da shi ba, cewa aka yi ba ya faɗuwa banza. Wanda zai tsince shi daban, wata ƙila ɗanka, wata ƙila jikanka.

Ɗan Masfala:
Na karɓi gyara Baba, amma ai ko a hakan dawowa ce dai, ɗanka ai kai ne.

Maman Hanifa (Jidda):
Baba bayaninka ya shige ni. Amma ni damuwata wurin da ake faɗin maganar, sai na ga kamar mun mayar da ita abin wanke hannu. Mun faɗa, mun ce Allah ya saka, kowa ya shige gidansa ya ja ƙofa, an bar wa Allah da danƙo sauran aikin. Ni kaina da nake wannan surutun sai kwana uku na tashi na nemi inda yake kwana.

Abu Sumayya:
Ku tuna da Farman Ali Khan mana, ɗan Pakistan ɗin nan mai aiki a shago. Ambaliyar Jidda ta ranar Laraba 25 ga Nuwamba 2009, ranar da alhazai ke fita Mina, ina garin wallahi na ga motoci a kan juna kamar an zubar da ashana, unguwar Ƙuwaiza kam ba a magana, mutum sama da 100 suka rasu. Wannan bawan Allah da igiya ya dinga shiga ruwa yana jawo mutane har 14, ya koma ɗauko wani ruwa ya tafi da shi. Baƙo ne kamar mu, ba ɗan ƙasa ba, bai tambayi kowa daga ina kake ba kafin ya miƙa igiya. Daga baya an ba shi lambar girma ta Sarki Abdul'aziz mai daraja ta ɗaya kuma an sa wa titi sunansa a Jidda. To in ma'anar Ɗan Masfala za mu bi, me ya dawo hannunsa, shi da ya bar mata da ƙananan 'ya'ya mata a yankin Swat na Pakistan? Amma a ma'anar Baba ai mutum 14 ya kwaso, yau wasunsu sun aurar da 'ya'ya.

Sarkin Yawo:
Ku yi haƙuri ni zan zo ta wani gefe, kuma ba raina kowa nake ba. Hausawan da suka ce alheri danƙo su ne suka ce in gemun ɗan uwanka ya kama da wuta shafa wa naka ruwa, su ne suka ce da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ni direba ne na ga wanda ya tsaya taimako a hanyar Madina da dare mota ta zo ta kwashe shi. Yaron nan da hayaƙi ya buge shi a matakala gawa uku za a fitar ba biyu ba, uwarsa tana can gida tana jiran abin da zai turo. Ina tsoron mu yi ta kirari da karin magana yara su ɗauka shiga wuta shi ne mazantaka.

Malam Mai Allo:
Ɗan uwa Sarkin Yawo tsoronka yana kan hanya, amma maganar gemu ba ta ce ka tsaya kallon ɗan uwanka yana ƙonewa ba, gargaɗi ne ka ɗau darasi daga abin da ya sami wani. Kuma ka lura yaron ai ya shafa wa nasa ruwan, Hajiya ta ce sai da ya jiƙa riga ya rufe fuska. Wannan ba ganganci ba ne. Ayar Baƙara da ta ce kada ku jefa kanku cikin halaka gaskiya ce, ta Ma'ida ma gaskiya ce, wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane baki ɗaya. Wanda bai iya ruwa ba kada ya faɗa kogi, ya nemo igiya, ya kira masu ceto, amma kada ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo. Sannan Hajiya, abin da kika ce na wanke hannu, akwai hadisi, wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Godiya kuwa ba a baki kawai take ba.

Bagadarifiya:
Allah gafarta Malam ka taɓa min inda yake min ƙaiƙayi. Ni 'yar Gadarif ce ta ƙasar Sudan, aure ya kawo ni Makka. Tun da yaƙi ya ɓarke a 15 ga Afrilu 2023 abin da ya riƙe mutane a Khartum da Umdurman su ne takaya, wato girkin unguwa, da matasan ɗakunan agajin gaggawa masu kai magani da ruwa. Asalin abin nafir ne, shi ne gayya a wurinmu. An kashe wasunsu an kama wasu, kuma yawancinsu ba wanda zai taɓa jin sunansu balle titi. Ƙanwar mahaifiyata da mutane suka gudo daga garin Wad Madani ta buɗe tsakar gidanta, tukunya ɗaya ta adas, wani irin ƙaramin wake, kullum har ta sayar da awarwaronta, in ka ce mata alheri danƙo ne sai ta haɗe rai ta ce ita ba ciniki take da Allah ba. Shi ya sa ni ba na son a faɗa wa mai alherin wannan magana a fuskarsa, kamar ana ce masa yi haƙuri kuɗinka na nan tafe. Magana ce da ake faɗa wa yaro mai tasowa, ko mai jin nauyin taimako.

Baba na Rusaifa:
'Yata kin faɗi daidai. Iyayenmu ma a bayan ido suke faɗinta, bayan shekaru in an ga ɗan wane ya sami mai riƙe shi a baƙon gari sai a ce ai ubansa ya yi wa mutane. A gaban mutum kuwa yabon gwani ya zama dole ake cewa, a kama sunansa a gaban jama'a.

Sarkin Yawo:
To na yarda da rabin maganar Malam. Amma har yanzu ina nan kan cewa a dinga haɗa yabon da koya wa yara yadda ake kashe wutar gas, bargo jiƙaƙƙe da rufe kan tukunya, kuma ba a watsa ruwa a kan wutar mai.

Maman Hanifa (Jidda):
Na gode ƙwarai jama'a. Jiya da magariba na koma wurinsa da maigidana da uban yaran nan biyu, mutumin ya durƙusa ya kama ƙafarsa yana kuka yaron sai janye ƙafa yake yana cewa Baba dan Allah tashi, ni fa kukan yarinyar ne na kasa jurewa. Hannun ya fara ruwa, zuma ba za ta yi ba. Mun samu wani likita da ya yarda zai duba shi gobe, kuma uban yaran ya ce zai bi maganar takardunsa. Ƙanin maigidana zai tura masa amalanken kafin ya warke kar masu sayen ruwansa su watse. Wanda yake Jidda kuma yana da niyyar sa hannu a kuɗin magani ya yi min magana ta gefe, bayan la'asar za mu tafi.