Da gaske ne ɗan majalisa yana da rigar kariya? Ina bin wani onarabul bashi

Sani Mai Fosta:

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, musamman ga waɗanda suka san shari'a.

Sana'ata buga takardu, ina da ɗan shago a Kano, inji ɗaya da yara uku. Kafin zaɓen 2023 wani ɗan takarar majalisar jiha ya ba ni aikin fosta da bana da kalanda. Kuɗin aikin gaba ɗaya naira miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu. Ya ba ni dubu ɗari takwas kafin alƙalami, aka ce cikon in an ci zaɓe. Allah ya ba shi nasara, ni kuwa har yau shiru kake ji kamar an shuka dusa. Na yi sawu gidansa ya fi sau goma. Yau a ce suna zama, gobe a ce ya tafi Umara, jibi a ce yana Abuja. Wanda na ɗauko wa takarda da tawada bashi shi kuma ya tasa ni gaba, har kunyar bin layinsu nake.

Makon jiya haƙurina ya ƙare, na ce wa yaronsa mai riƙe masa waya zan kai ƙara. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam Sani, kada ka wahalar da kanka, onarabul yana da rigar kariya, ba kotun da za ta kira shi sai ya sauka." Shin haka abin yake? In haka ne, wanda ya yi ta cin zaɓe sau uku sau huɗu fa, sai jikokina su karɓa ke nan?

Barista Hauwa:

Wa alaikumus salam Malam Sani. Yaron nan ya yi maka barazana ne kawai, ko kuma shi ma bai sani ba.

Rigar kariyar da ake faɗa tana sashe na 308 na kundin tsarin mulkin 1999, kuma mutum huɗu ta rufa wa: shugaban ƙasa, mataimakinsa, gwamna, mataimakin gwamna. Shi ke nan. Sanata babu shi a ciki, ɗan majalisar wakilai babu shi, balle ɗan majalisar jiha. Ko kakakin majalisa ba ta kai kansa ba, shi ya sa suka sha kawo ƙudurin a saka shugabannin majalisa a ciki, har a 2020 an sake gwadawa, ba a dace ba. Su ma huɗun, Kotun Ƙoli ta yanke tun 2002, a ƙarar da marigayi Gani Fawehinmi ya shigar, cewa 'yan sanda na iya bincikensu suna kan mulki, gurfanarwa ce kawai sai sun sauka.

Abin da 'yan majalisa ke da shi daban ne, kuma ƙarami ne. Akwai dokar iko da alfarmar majalisu, wadda Buhari ya sa wa hannu a farkon 2018. Ta ce maganar da ɗan majalisa ya faɗa ko ya rubuta a zauren majalisa ko a zaman kwamiti, ba za a kai shi kotu a kanta ba. Hikimar ita ce ya iya tashi ya ce wane ya ci kuɗin kwangila ba tare da tsoron ƙarar ɓata suna ba. Kariyar baki ce, ba ta aljihu ba. Fostarka ba a zauren majalisa aka buga ta ba.

In kana son shaida, ga ta nan birjik. Bukola Saraki yana shugaban majalisar dattawa ya shiga akwatin tuhuma a kotun ɗa'ar ma'aikata a 2015, sai 2018 Kotun Ƙoli ta sallame shi. Joshua Dariye yana sanata mai ci aka yanke masa shekara 14 a 2018, aka wuce da shi Kuje. Orji Kalu yana bulaliyar majalisar dattawa aka ɗaure shi a Disambar 2019, kafin Kotun Ƙoli ta rushe shari'ar a 2020. In waɗannan sun tsaya gaban alƙali, onarabul ɗinka wa ye?

Shawarata: kada ka je wurin 'yan sanda, dokarsu ta 2020 ta hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuɗin mota kawai za ka yi asara. Nemi lauya ya rubuta masa takardar neman biya da wa'adi. In ya yi biris, a Kano akwai kotun da aka ware don ƙananan basussuka, ga kuma kotun shari'ar Musulunci. Kana da rasit ko saƙon waya da ya amsa cewa kana binsa?

Ɗan Maraɗi:

Malam Sani, Allah shi hidda maka haƙƙinka. Ni abin ya ba ni mamaki, don mu a Nijar a da depite, wato ɗan majalisa, yana da wannan riga, tsarin Faransa muka gada. Lokacin da majalisa ke nan, kafin sojoji su rushe ta a 2023, ba a kama depite sai majalisa ta yarda an tuɓe masa rigar, in ba kama shi aka yi dumu-dumu cikin laifi ba. To amma wa ke tuɓewa? Masu rinjaye. In kana tare da gwamnati riga ta zama sulke, in ka koma adawa ta zama 'yar shara. Ku tuna marigayi Hama Amadu. Shi ne shugaban majalisa ɗungurungum a 2014, bayan ya raba gari da shugaban ƙasa Issoufou. A watan Agusta shugabannin majalisar suka ba da izinin a kama shi kan zargin safarar jarirai, sai ya tsallaka Burkina Faso ya wuce Faransa. Ko mu da muke da ita a rubuce a lokacin, ba ta hana ruwa dukan mai ita ba.

Kawu Bala:

Barista, duk abin da kika faɗa gaskiya ne a takarda, ban musa ba. Amma 'yata, bari mu faɗa wa yaron nan abin da zai tarar a hanya. Rigar da ke jikinsu ba tela ne ya ɗinka ba, kuɗi ne da ɗan sanda a bakin ƙofa. Shehu Sani ya fasa ƙwai a 2018, ya ce kowane sanata na karɓar miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis, ban da albashi. A 2024 Kawu Sumaila da bakinsa ya faɗa wa BBC Hausa cewa miliyan 21 ne ke shigo masa a wata. Na jiha bai kai haka ba, na sani, amma dubu ɗari shida ba ta gagare shi ba. Ƙin biya ne, don ya san mai shago ba zai iya jelen kotu ba. Za a ɗaga shari'a, lauyansa ya ce yana aikin ƙasa, a sake ɗagawa, kai kuwa kullum ka rufe shago.

Shi Dariyen da kika ambata, ai afuwa aka yi masa a 2022 ya koma gida. Wanda dai na ga an riƙe gam shi ne Ekweremadu, tsohon mataimakin shugaban majalisar dattawa, shi ma a Ingila ne.

Kariyar bakin nan ma dariya take ba ni. Kotu ba za ta taɓa ka ba, amma 'yan uwanka na majalisa za su yi maka abin da ya fi na kotu. Abdulmumin Jibrin da ya tona cushen kasafin kuɗi a 2016, kwanakin zama 180 suka dakatar da shi, mutanen Kiru da Bebeji suka zauna ba wakili. Abdul Ningi ya yi irin maganar a 2024, suka ce wata uku. Mai tona asiri ake kora, mai cin bashin talaka kuwa ban taɓa jin an dakatar da shi ko na yini ɗaya ba.

Ni da ni ne kai Sani, kafin kotu sai in sami limamin unguwarsu ko dattijon da ya tsaya masa a zaɓe. Zaɓe na ƙaratowa, yanzu ne kunnensu ke buɗewa.

Barista Hauwa:

Kawu, ban ƙi ta taka ba, a fara da dattawa. Amma a haɗa biyun. Ɗan siyasa ba ɗaurin yake tsoro ba, sammacin yake tsoro, don abokan hamayya sun samu abin yawo da shi a rediyo. Na sha ganin bashin da ya shekara biyu an biya shi cikin mako guda da isar takardar lauya. Abu ɗaya dai Malam Sani, a kai masa sammaci gida ko ofishin mazaɓa, kada ɗan aiken kotu ya bi shi harabar majalisa ana zama, nan ne kaɗai lauyansa zai samu abin kamawa.

Sani Mai Fosta:

Na gode ƙwarai Barista, na gode Kawu, Alhaji na Maraɗi Allah ya bar zumunci. Rasit ina da shi, amma yaron ne ya sa hannu ba onarabul ba. Sai dai na binciko wayata daren jiya, na tarar da saƙon muryarsa na WhatsApp tun watan azumin bara, yana cewa in ƙara haƙuri, cikon dubu ɗari shidan yana sane da shi, bayan sallah zai turo. Na tura saƙon wayar ƙanena don kada tawa ta lalace. Gobe bayan Juma'a zan ga liman. Barista, wannan saƙon murya kotu tana karɓarsa, ko sai na je an rubuta shi a takarda tukuna?