Telekomand ɗin abin kunnen Baba ya ƙi aiki, wa ya san kansa?

Ƴar Baduku, Sabon Gari:

Assalamu alaikum jama'a. Babanmu baduku ne a Birni, nan Damagaram, ya haura shekara 70. Bara aka kai shi Yamai aka auna kunnuwansa, aka saka masa na'urar ji guda biyu, irin wadda ake maƙalawa bayan kunne. Alhamdu lillahi ya dawo cikin hira, don da can a yi ta magana a zaure shi dai sai gyaɗa kai.

Inda gizo ke saƙar shi ne maɓallin rage ƙara. Bai fi ƙwayar dawa ba, yatsun Baba kuwa sun yi kanta saboda aikin fata, ga rawar hannu, sai ya yi ta lalube bai same shi ba. Sannan mutum ne mai rawani, kunnen yana can ƙarƙashi. Ran Juma'a in aka kunna lasifika ƙarar tana yi masa yawa, shi kuma ba zai warware rawani a sahu ba, sai ya cire na'urorin tun daga gida. Haka zai je ya dawo bai ji huɗuba ba, alhali saboda ita ya yarda aka yi tafiyar Yamai.

Ƙanena da ke Faransa ya aiko da telekomand, ɗan ƙarami mai shiga tafin hannu, na kamfani ɗaya da na'urar. Na kunna, fitila ta kawo, na danna alamar ƙari da ta ragi har na gaji, Baba ya ce bai ji komai ya canza ba. Yanzu ya ce kayan wasan yara ne, ya bar wa jikoki. Wani yaro a kasuwar Dole ya ce yana da wanda ke yi wa kowace telebijin, wai zai yi. In saya? Ko sai mun koma Yamai? Kusan kilomita 900 ne, kuma bayan tsohon nan ba ya son mota.

Mai gyaran salula, Zango:

Wa alaikumus salam Yaya. Kada ki ba yaron nan ko dala. Na telebijin da wani haske yake aiki wanda ido ba ya gani, shi ya sa ake saita shi ga akwatin. Na'urar kunne ba ta da idon karɓar wannan hasken. Kowane kamfani da nasa, kuma ko a kamfani ɗaya sai samfurin ya dace.

Ina kyautata zaton naku lafiyarsa lau, haɗa su ne ba a yi ba. In Phonak ne mai suna RemoteControl, da Bluetooth yake aiki. Ki buɗe ƙofar pil ɗin na'urorin duka biyu ki rufe, wato kin kashe kin kunna, daga nan kina da minti 3. Ki danne alamar ƙari, kina danne da ita ki kunna telekomand ɗin, ki ajiye shi dab da su har fitilar ta daina ƙyaftawa. Sau ɗaya ake yi. In kuma miniPocket ne na Signia, shi wani siririn sauti yake aikawa na'urar ta ɗauka, don haka in aka cusa shi ƙasan aljihu ƙarƙashin goro da carbi ba lallai saƙon ya isa ba.

Ki duba pil ma. Na Phonak ɗin CR2032 ne, faffaɗa mai kama da kwabo, masu gyaran agogo ba sa rasa shi. Na Signia CR2450 ne, shi ma mai kama da kwabo, na kamfanin Oticon kuwa AAAA yake ci, ya fi AAA siranta, wannan kam gara ƙanenki ya haɗo da shi. Akwai manhajar waya irin myPhonak mai yin aikin nan kyauta, amma tsohon da ke fama da maɓalli ɗaya ba za a ɗora masa shafa gilashi ba.

Tsohon malamin lakwal, Garin Malam:

Ƴata, Allah Ya yi miki albarka. Ni da kaina nake sa abin nan tun kafin in bar aiki, bari in faɗa miki abin da yaron Zango bai faɗa ba.

Telekomand ba ya ƙara wa na'ura wani abin da ba a zuba mata ba. Ranar da aka auna kunnen, likita ya saita ta a kwamfuta, ya yanke iyakar da ƙara za ta hau da inda za ta sauka, ya kuma saka tsare-tsare in ya ga dama: na zaman gida, na hayaniya, da sauransu. Maɓalli na uku tsakanin waɗannan yake zagayawa. A tawa, tsari na ɗaya ƙara ɗaya nake ji a kunne, na biyu ƙara biyu. In tsari ɗaya kaɗai aka saka wa babanki, ko ya kwana yana dannawa ba abin da zai faru. Kuma duk sanda aka kashe ta aka kunna, komawa take yadda likita ya bar ta, kada ya ɗauka lalacewa ce.

A masallaci, tun ladan bai fara ba nake sa hannu a aljihu in rage mataki biyu, in kauce wa gindin lasifika. Na kusa da ni ma bai san na yi wani abu ba, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga dattijo. Batun rawani: in yadi ya rufe na'urar takan yi fito, kuma ƙara mata ƙarfi ƙara fiton yake. A sassauta naɗin ta wajen kunne.

Sau da yawa kuma a ɗora wa telekomand laifi, nan kuwa ƙurar hunturu ce ta toshe ƴan ramukan da ke ɗaukar sauti, ko dauɗar kunne ta cika bututun. A goge da busasshen ƙyalle da ɗan buroshinta. Da bazara zufa ce abokiyar gaba, sai a kwana da ƙofar pil a buɗe. Kafin alwala a cire, shafar kunne da jiƙaƙƙen hannu ba ta yi mata daɗi. Pil ɗin na'urar kuma da iska yake aiki, in an ɓare takardar bayansa a jira kamar minti ɗaya kafin a saka, kuma daga ɓarewar ya fara ƙarewa ko ba a yi amfani da shi ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: in ya yi aiki, a hannunsa zai zauna. Na ga gidan da ƴaƴa suka riƙe, suna rage wa ubansu ji in za su yi maganar da ba sa so ya sani. Daga ranar da ya gane bai sake sa na'urar ba.

Ma'aikaciyar jinya, Karkada:

Hajiya, ki karɓe shi daga hannun jikokin nan yau ɗin nan. Pil mai kama da kwabo in yaro ya haɗiye ya maƙale, yana iya ƙona maƙoshi cikin awa 2. In hakan ta faru kada a sa shi amai, asibiti kai tsaye. Sannan in Baba yana da na'urar bugun zuciya a ƙirji, kada ya sa telekomand a aljihun gaba, takardun kamfanonin suna cewa a bar aƙalla santimita 15 tsakani.

Ƴar Baduku, Sabon Gari:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na ƙwato shi daga wajen yara, na bi yadda mai gyaran salula na Zango ya ce, ya kama. Baba ya zabura da ya ji ƙarar a kunnensa, ya karɓa ya yi ta hawa da sauka har ya manta da shayinsa. Ba shi da na'urar zuciya, amma duk da haka na ɗinka masa ɗan aljihu a gefen riga ta ciki da igiya, shi kuma ya ce zai yi masa kube na jan fata, don a cewarsa robar ba ta da mutunci.

Malam, maganarka ta fito, maɓalli na uku shiru, da alama tsari ɗaya ne a ciki. Tafiyar Yamai sai bayan salla in Allah Ya kai mu. Kafin nan, wa ya san inda ake samun pil lamba 13, mai takarda ruwan lemu, a nan Damagaram? Kati ɗaya ya rage mana.