Baba yana ganin abu bibbiyu tun da jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa

'Yar Aboabo: Salamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah ina neman shawara. Sati biyar kenan hawan jini ya kada Babana, aka ɗauki hoton kai aka ce jini ne ya zuba a ƙasan ƙwaƙwalwa. Alhamdulillahi an sallame shi, yana takawa da sanda, amma komai biyu yake gani, idon hagu ya karkace wajen hanci baya juyawa waje. Jiya zai zuba koko a kofi sai ya zuba a tabarma, Alƙur'ani ma ya kasa karantawa, wannan ne ya fi sa shi kuka wallahi. Gwaggo ta kawo wani ruwan ganye wai a ɗiga masa. In bari?

Maman Biyu: Allah ya ba Baba lafiya. Kar ki yarda a ɗiga masa komai, ki lallaɓa Gwaggo cikin ladabi.

Nas daga Asawase: Ƙanwata ƙwayar idon ba ita ke ciwo ba. Kowane ido tsoka 6 ke juya shi, jijiyoyi 3 daga ƙwaƙwalwa ke ba su umarni, wadda ke jan ido waje ita ake kira jijiya ta 6 kuma yadda kika faɗa kamar ita jinin ya taɓa, shi ya sa idanun basa kallon wuri ɗaya. Ki rufe masa ido ɗaya ki gani, in biyun ya koma ɗaya to haka ne. Ki kai shi sashen ido na asibitin Komfo Anokye a Kumasi da katin inshorar lafiya na NHIS, akwai wata roba da ake mannawa a gilashi tana haɗa hoton. Da yawa suna samun sauƙi cikin wata 3 zuwa 6, saboda haka likitoci basa saurin yin aiki. Maganin hawan jinin nan kar ya tsallake ko kwana ɗaya, kuma kar a sayo masa asfirin sai likita ya ce.

Ɗan Tafo: Kawuna ya yi irinsa. Ku ɓoye makullin babur, matakala da banɗaki kuma a riƙe shi.

Nas daga Asawase: Na manta, in kai ya sara masa farat ɗaya, ko amai, ko fatar ido ta sauko, ko barcin da ake tashinsa da ƙyar, ku kira lambar gaggawa 112 ko ku nemi mota nan take, kar a jira gari ya waye.

'Yar Aboabo: Yaya Allah ya saka da alheri. Na liƙa takarda a gilashinsa ɓangaren hagu, yanzu haka yana zaune yana karanta Tabaraka a hankali. Litinin zamu asibiti in sha Allah.