Kyamara ɗaya na jona, amma /dev/video biyu nake gani

mai_koyo: Assalamu alaikum jama'a. Ubuntu Linux ce a kan kwamfutar, ta SSH kawai nake shigarta, wato daga nesa ta wata kwamfutar. Na jona Logitech C270 guda ɗaya, da na buga `ls /dev/video*` sai ga video0 da video1. Wacce ce kyamarar? Kuma yaya zan san nawa ne ke jone ba tare da na je wurin ba?

bakanike: Wa alaikumus salam Malam. Kyamararka ɗaya ce, kada ka yi ƙirge da `ls`. Tun daga kernel (zuciyar Linux) 4.16, direban uvcvideo, wato shirin da ke sarrafa kyamarorin USB, yana buɗe wa kyamarar USB ƙofa ta biyu a /dev/video, wadda ba ta ba da hoto, sai metadata, wato bayanan da ke tafiya da kowane hoto. Fara da wannan:

`sudo apt install v4l-utils`
`v4l2-ctl --list-devices`

Zai rubuto sunan kowace kyamara, da ƙofofinta a ƙarƙashi. Sunayen za ka ƙirga. Sannan:

`v4l2-ctl -d /dev/video0 --list-formats-ext`

Wadda ta jero maka tsarin hoto irin YUYV da MJPG tare da girma irin 640x480 da 1280x720, ita ce mai hoton. Ɗayar kuwa ba za ta jero komai ba.

ta_labuwa: Ƙari a kan bayanin Malam bakanike: kada ka rubuta video0 cikin shirinka ka kwanta. Lambar tana bin wadda kwamfuta ta riga gani, ka ƙara wata kyamarar ko ka sake kunnawa, sai ta koma video2. Duba `/dev/v4l/by-id/` ka ɗauki sunan da ya ƙare da `video-index0`, shi ba ya sauyawa. Amma kyamarorin nan masu arha da yawa ba su da lambar siriyal, biyu iri ɗaya sai sunansu ya zo ɗaya, ɗaya ta danne ɗaya. Nan sai `/dev/v4l/by-path/`, wanda ke bin ramin USB da ka soka.

Tunda kuma ta SSH kake shiga, da wuya ka tsallake `Permission denied`, don izinin kai tsaye na wanda ke zaune gaban kwamfutar ne. Buga `sudo usermod -aG video $USER`, ka fita ka sake shiga, in ba haka ba ba zai kama ba.

mai_koyo: Na gode ƙwarai, video0 ce. To in babu /dev/video ko ɗaya fa?

bakanike: `lsusb` tukuna, shi ke jero na'urorin USB da ke jone. C270 tana fitowa da 046d:0825. In ba ka gan ta ba, wayar USB ce ko rami, direba ba shi da laifi. In ta fito, buga `sudo dmesg | grep -i uvc`, sannan `sudo modprobe uvcvideo`. In kuma ƙofar na nan amma ya ce `Device or resource busy`, wani shirin ne ya riƙe ta; `sudo fuser /dev/video0` zai ba ka lambar PID ɗinsa, wato lambar da kwamfuta ke gane shirin da ita.